Hayaƙin Murhu da Ƙidayar Ambato

Bahaushe bai taɓa raina kalmar "in ji" ba. Idan magana ta yi nauyi a zaure ko a inuwar kasuwa, mai faɗarta yakan nemi wanda zai jingina ta gare shi, ya ce in ji malam wane, ko in ji tsofaffi, ko kuma, idan ya rasa kowa, in ji masu iya magana. Almajirin da ya yi zurfi a karatun zaure kuwa ba ya tsayawa kan sunan littafi, sai ya faɗi wanda ya biya masa shi, da wanda ya biya wa malaminsa, har silsilar ta kai inda za ta kai. Ashe ambaton wanda aka ɗebo ilimi a wurinsa tsohon ladabi ne a ƙasarmu. Abin da ba mu taɓa yi ba shi ne mu zauna mu ƙidaya sau nawa aka ce "in ji wane", mu tara jimla, sa'an nan mu ɗora malamai biyu a sikeli mu ce wannan ya rinjayi wancan da ɗari uku da ashirin. Wannan dabara ta jami'o'in zamani ce, kuma a yau tana da baki a hukuncin da ake yanke wa dubban masana kan samun aiki da ƙarin girma da kuɗin bincike.

Wani Ba'amurke mai suna Eugene Garfield ne ya fara kawo shawarar a 1955, a 1964 kuma ya fitar da kundin da ke tattara ambaton da masana kimiyya suke yi wa juna a mujallunsu. Niyyarsa ta farko ita ce ya sauƙaƙa wa mai bincike bin sawun magana, ya ga su wa suka ɗauke ta bayan mai ita, ina kuma suka kai ta. Ba a jima ba sandar bin sawu ta koma mudun awo. A 2005 wani masanin fiziya, Jorge Hirsch, ya dunƙule lissafin duka cikin lamba guda da ake kira da harafin h: idan aka ce lambar malami 40 ce, ana nufin yana da maƙala 40 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 40. Yau duk mai wayar hannu yana iya buɗe Google Scholar ya duba lambar farfesa kamar yadda ake tambayar farashin tiyar gero. Mu ma abin bai bar mu ba. Malaman jami'o'inmu na Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san zafin tara maƙaloli kafin su miƙa takardunsu ga CAMES, hukumar nan da shugabannin ƙasashe suka amince da kafawa a taron Yamai na 1968, wadda mazauninta yake Wagadugu.

Ni da nake koyar da Faransanci da Hausa a lise na san ƙanen wannan ciwo. Ɗalibin ajin ƙarshe yakan shigo jarrabawa da tarin maganganun marubuta da ya haddace, ya yayyafa su a takardarsa kamar gishiri, yana zaton yawan sunayen da ya jero ne zai jawo masa maki. Sau da yawa sunan yana nan daram, tunanin mai sunan kuwa ko leƙo takardar bai yi ba. Shi ya sa, da na zauna nazarin aikin wani masani da duniya ta shaida an ambace shi ƙwarai, tambayar da na riƙe ita ce wadda nake yi wa ɗalibaina: me wannan ambato yake ɗauke da shi?

Masanin shi ne Kirk Smith, farfesan lafiyar muhalli a jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, wanda aka haifa a 1947, ya rasu ranar 15 ga Yuni 2020 yana da shekara 73. Idan mudun ake so, nasa a cike yake har yana zuba. Ya bar rubuce-rubucen kimiyya sama da 400. An zaɓe shi cikin majalisar manyan masana kimiyya ta Amurka a 1997, ya karɓi lambar yabo ta Heinz a 2009 da ta Tyler a 2012, wadda ake lissafawa cikin mafi girma a fannin muhalli, yana kuma cikin ɗimbin masanan kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka ba kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2007. Amma abin da ya sa na zaɓe shi cikin masu irin wannan tarihi shi ne abin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai, wato hayaƙin da ke tashi daga murhun mace matalauciya. Da wuya a sami wani batu na kimiyya da ya fi wannan kusa da tsakar gidanmu.

Da fiziya da ilimin taurari ya fara, digirinsa na ƙoli kuma, wanda ya kammala a 1977, ya shafi haɗarin da ke tattare da makamashin nukiliya da na kwal. A zamanin nan duk mai maganar gurɓatar iska hankalinsa yana kan bututun masana'antu da salansar motoci a manyan birane, na'urorin awo kuma a saman gine-gine ake girke su. Da ya koma aiki a wata cibiyar bincike da ke Honolulu a tsibiran Hawayi, ya riƙa zagaya karkarar Asiya, sai ya lura da abin da kowa yake gani amma ba a ɗauke shi abin awo ba. A 1981 shi da abokan aikinsa Indiyawa, Aggarwal da Dave, suka shiga ƙauyuka huɗu na jihar Gujarat, suka roƙi mata su ɗaura wani ɗan famfo mai zuƙar iska a jikinsu yayin da suke girki, bakinsa kusa da fuskarsu, domin a tace abin da suke shaƙa. A cikin iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, an sami kusan miligiram 7 na ƙurar hayaƙi, adadin da ya ninka sau da yawa abin da ake kuka da shi a biranen da suka yi suna wajen ƙazantar iska. Matan kuma suna cikin wannan hali kusan kashi 10 cikin 100 na shekararsu, kimanin awa biyu da rabi ke nan a kowace rana ta Allah. An buga sakamakon a 1983.

Daga wannan aiki ya fitar da tunanin da ya zama ginshiƙin duk abin da ya rubuta daga baya. Masana guba sun daɗe da sanin cewa yawan abu ne ke mai da shi guba; gishiri ma idan ya wuce kima yana kisa. Smith ya ƙara da cewa wurin da abin ya fita shi ma yana cikin lissafi. Hayaƙin da ya fita ta dogon bututun masana'anta, iska ta watsa shi a sararin sama, ɗan kaɗan ne daga cikinsa zai shiga huhun ɗan Adam. Wanda ya tashi cikin ɗaki kuwa, taku ɗaya daga fuskar mai hura wuta, damar da yake da ita ta isa huhu ta ninka ta wancan kamar sau 1,000. Saboda haka ya nace a auna iska inda mutane suke numfashi, ko da wurin bukka ce. Yakan kwatanta wa masu sauraronsa cewa wutar girki ta itace tana fitar da hayaƙi kamar a ce an kunna karan taba 400 cikin awa guda a madafa. Dalilin kuwa shi ne murhun duwatsu uku ba ya cinye itace ƙurmus. Wani kaso yakan tsere bai gama ƙonewa ba, ya zama iskar nan mai kisa da ba ta da launi ba ta da wari, irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, ya kuma zama ƙwayoyi ƙanana da suka fi silin gashi siranta sau 20 ko 30, waɗanda hanci ba ya iya tarewa, sai su zarce can ƙuryar huhu.

Mai karatu zai ce ai mu a tsakar gida muke girki, iska tana kaɗawa. Gaskiya ne, kuma hakan ya rage mana wani abu. Sai dai ya tuna da damina, lokacin da ake janye murhu zuwa rumfa ko ɗaki, ana fama da ɗanyen itace da jiƙaƙƙen kara. Ya tuna da tsakiyar ɗari, da kaskon wuta a ɗakin tsohuwa, da mai jego da jaririnta a ɗaki ƙofa a rufe. Na tashi a gidan da rufin madafarsa ya yi baƙi ƙirin, yana sheƙi kamar an shafa masa kwalta, ban kuma taɓa jin wani babba ya haɗa wannan baƙi da tarin da iyayenmu mata suke yi da asuba ba. Tari na sanyi ne, jan ido na rashin barci ne, haka muka ji ana faɗa. Wani bincike da aka yi a karkarar Gambiya, aka buga a 1991, ya gano cewa ƴan mata ƙanana da ake goye da su lokacin girki sun fi kamuwa da ciwon haƙarƙari, wato limoniya. Goyo, wurin da ya fi ko'ina aminci ga yaro a saninmu, yana ajiye hancinsa daidai inda hayaƙin yake bi idan uwar ta sunkuya kan tukunya.

To, yaya mudun ambato ya yi da wannan aiki? Littafin da Smith ya wallafa a 1987 kan makamashin itace da gurɓatar iska da lafiya ya fito a lokacin da masu aiki a fannin ba su da yawa, ambato kuma daga abokan sana'a yake zuwa. Malamin da abokan sana'arsa goma ne, ko ya fi kowa gaskiya, ba zai tara abin da mai abokai dubu zai tara ba. Lamarin ya juya ne da aka fara faɗin maganar da harshen da hukumomi suke ji, wato harshen adadi. A 2000 ya ƙiyasta cewa hayaƙin girki yana kashe mata da ƙananan yara 400,000 zuwa 550,000 a Indiya kowace shekara. A rahotonta na 2002 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan hayaƙi cikin manyan abubuwan da ke jawo cuta, ta ɗora masa mutuwar mutum miliyan 1.6, Smith kuma shi ya jagoranci wannan ɓangare na lissafin. A watan Disamba 2012 mujallar Lancet ta buga babban ƙiyasin cututtukan duniya na shekarar 2010, adadin ya haura zuwa miliyan 3.5, musamman don an shigar da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki da a da ba a lissafa su. Ya kamata malamin makaranta ya gaya wa ɗalibansa cewa waɗannan alƙaluma ƙiyasi ne da aka gina kan lissafi, babu wanda ya bi maƙabartu yana ƙirga, shi ya sa suke hawa da sauka. Wanda Hukumar ta yi wa shekarar 2020 miliyan 3.2 ne.

Ita wannan maƙala ta 2012 an ambace ta fiye da sau 10,000, tana cikin waɗanda suka fi ɗaga jimlar Smith. Amma marubutanta sun kai wajen 200, ta kuma yi magana kan abubuwa 67 masu jawo cuta, daga hawan jini zuwa taba da giya. Wanda ya ambace ta don ya kafa hujja kan gishiri ko ƙiba, na'ura za ta zuba ambatonsa a asusun Smith kamar yadda za ta zuba shi a asusun sauran. Ita kuwa ƴar maƙalar Gujarat, wadda take cikin tushen layin hayaƙin girki da ya shiga babbar, ambatonta bai kai ko kusa da haka ba. Duk wanda ya riƙe hauya ranar gayya yana da haƙƙin cin tuwonta, amma faɗin gonar da aka nome a ranar ba zai gaya maka wane ne ya fi iya noma ba.

Akwai kuma waɗanda suka riga shi. A 1968, shekara 13 kafin tafiyar Gujarat, wani likita ɗan Nijeriya, G. O. Sofoluwe, ya bi jariran da aka kawo asibiti a Legas da ciwon huhu har gidajen iyayensu, ya auna hayaƙin ɗakunan, ya buga abin da ya gani a wata mujallar lafiyar muhalli ta Amurka. Kafin shi ma, likitar zuciya S. Padmavati, a rubuce-rubucen da ta fara tun 1959, ta lura da yawan matan Delhi da zuciyarsu ta gaza saboda lalacewar huhu alhali ba su shan taba, ta kuma nuna wutar girki da yatsa. Ita ma a 2020 ta rasu, tana da shekara 103. Masu bitar fannin sukan ambace su a layi ɗaya ko biyu, sa'an nan su wuce. Ban ga laifin Smith a nan ba. Shi ya zauna kan batun shekara kusan 40, ya ƙera kayan awo, ya yaye ɗalibai, ya kai maganar gaban hukumomi. Amma yana da jami'a mai ɗakin gwaji, da kuɗin tafiya, da kujera a inda ake yanke shawara. A wannan shekara ta 1968 ɗin dai masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana yadda yabo a kimiyya yake gangarawa wajen wanda ya riga ya yi suna: idan mutum biyu suka faɗi abu ɗaya, sanannen ake tunawa. Ƙidayar ambato tana auna ingancin aiki, tana kuma auna gatan mai aikin, ta cuɗa su cikin lamba ɗaya ba ta ce nawa ne na wane ba.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa ya faru ne a tsaunukan San Marcos na ƙasar Gwatamala. Alƙaluman da suka gabata sun nuna cewa inda hayaƙi yake cuta tana nan. Amma gidan hayaƙi shi ne kuma gidan talauci da yunwa da cunkoso, mai shakka yana iya cewa waɗannan ne masu laifin. Hanyar raba gardama ita ce gwaji irin wanda ake yi wa sabon magani. Daga 2002 zuwa 2004 Smith da tawagarsa suka ɗauki gidaje 534 na manoma ƴan asalin ƙasar, aka jefa ƙuri'a, rabi aka gina musu murhu mai bututun fitar da hayaƙi, rabi suka ci gaba da wutarsu ta ƙasa har ƙarshen gwajin kafin su ma a gina musu, ana leƙa yaransu kowane mako. Shi ne gwaji na farko irinsa a kan hayaƙin girki, babban sakamakonsa kuma bai fito a Lancet ba sai 2011. Hayaƙin da yaran suke shaƙa ya ragu da rabi. Limoniya mai tsanani ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Amma a kan ainihin tambayar da aka tsara gwajin dominta, wato yawan limoniyar da likita ya tabbatar, ragin da aka gani bai kai matsayin da masana lissafi za su rantse cewa ba dace ba ne. Mutumin da ya shafe shekara 30 yana cewa hayaƙi na kashe yara ya sa hannu a takardar da ta nuna murhun da ya gwada bai wadatar ba.

Bayanin da ya bayar shi ne cewa cutar ba ta raguwa kafaɗa da kafaɗa da hayaƙin. Wanda ya nutse a ruwa mai zurfin gaba goma, idan aka rage ruwan ya koma gaba biyar, har yanzu a nutse yake. Sai an sauko ƙasa sosai jiki yake fara samun sauƙi na gaske. Gwaje-gwajen da wasu suka yi daga baya ba su sauƙaƙa lamarin ba. A Malawi an raba murhu mai fanka a ƙauyukan da ke da yara fiye da 10,000, sakamakon da aka buga a 2017 bai nuna raguwar limoniya ba. A Kintampo ta ƙasar Gana an gwada gas da ingantaccen murhu a gidajen mata masu ciki fiye da 1,400, nauyin jarirai bai ƙaru ba. Gwajin da aka fi sa wa rai, wanda ya haɗa mata masu ciki 3,200 a Gwatamala da Indiya da Peru da Ruwanda, ya ba rabinsu murhun gas da gas kyauta. Hayaƙin ya sauka ƙwarai, amma sakamakon da ya fito a 2022 da 2024, bayan rasuwar Smith, bai nuna bambanci ba a nauyin haihuwa, ko tsumburewa, ko limoniya mai tsanani. Masana suna ta muhawara kan dalili. Allurar rigakafi ta riga ta rage cutar, annobar korona ta faɗo tsakiyar gwajin, hayaƙin maƙwabta yana tsallake katanga, ciwon zuciya da na huhun manya kuma shekaru suke ɗauka kafin su bayyana. Babu mai hankalin da ya ce hayaƙin ya zama lafiya. Sai dai tambayar rayuka nawa za a tsirar idan aka sauya murhu ta fi yadda aka zata wuya. Ga kuma abin murmushi a lissafin: mai rubuta irin waɗannan rahotanni ba shi da makawa sai ya ambaci gwajin Gwatamala, saboda haka wanda ya gaskata Smith da wanda ya girgiza hujjarsa duk sun ƙara masa lamba daidai wa daida.

Shi kansa tun 2002 ya rubuta wani ɗan sharhi a mujallar Science, irin wanda ba kowane mai kare muhalli zai so ji ba, inda ya nuna cewa ko da mutum biliyan 2 masu girki da itace sun koma gas gaba ɗaya, abin da za su ƙara wa hayaƙin man fetur da kwal mai ɗumama duniya bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Manufarsa a fili take, kada a ɗora wa matar ƙauye nauyin ceton duniyar da ba ita ta ɓata ba. Bayan Gwatamala ya ƙara tsayawa kan ra'ayin cewa maimakon a yi ta gyaran wutar itace, a kai wa talaka abin da mai hali yake girki da shi. Ya yi shekarunsa na ƙarshe yana kai-da-kawo zuwa Delhi, a daidai lokacin da gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin Ujjwala ranar 1 ga Mayu 2016, mai ba matan gidajen talakawa rajistar gas da sunansu. Zuwa Satumba 2019 an kai gida miliyan 80. Ba shi ya kafa shirin ba, siyasa tana da nata dalilai. Amma a cikin bayanin da gwamnatin ta yi wa jama'a don kare shirin, kwatancin nan na karan taba 400 ya fito, an jingina shi ga masana, babu sunan kowa. "In ji" ɗin da ya fi duk sauran nauyi a rayuwarsa ke nan, kuma kundin ambato bai san da shi ba, domin minista ba ya jera manazarta a ƙarshen jawabinsa. Haka nan kundin bai san abin da babban mai binciken kuɗin gwamnatin Indiya ya rubuta a rahotonsa na 2019 ba, cewa masu cin gajiyar shirin, a tsakaice, kimanin sau uku kawai suke sake cika tukunyar a shekara. Sauran watannin, itace da kashin shanu.

A nan nake tuna Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuma take ɗauke da sunansa tun 1992. Ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ONERSOL, daga 1969, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da na girki masu aiki da hasken rana, tun kafin duniya ta mai da wannan magana abin yayi. Da Faransanci ya yi rubutu, yawancin ƙoƙarinsa kuma ya tafi ne cikin ƙarfe da madubi da horar da matasa, abubuwan da kundin Garfield, mai fifita mujallun Ingilishi, ba shi da gurbin zuba su. Wanda ya auna shi da harafin h ba zai ga girmansa ba. Matsalar harshe ta ma fi haka zurfi idan aka juyo kanmu. Rubuce-rubucen Smith da Ingilishi suke. Wani ɓangare na abin da suka ƙunsa ya iso mu ta rahotannin Hukumar Lafiya da Faransanci. Matar da aka yi binciken domin irinta kuwa Hausa take ji, ko Zabarmanci, ko Fulatanci. Tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Idan wannan matsayi zai wuce takarda, irin wannan ilimi yana cikin kayan da ya kamata ya fara ɗauka, kuma mu malamai da ƙungiyoyin raya al'adu mu ne za mu zauna mu samo wa ƙwayoyin hayaƙin nan sunan da tsohuwa za ta gane idan ta ji shi a rediyo.

Mu ba baƙi ba ne a maganar murhu. Bayan farin 1973 da na 1984, da aka ga dazuzzukan da ke kewaye da birane suna ƙarewa, an yi ta yaɗa ingantattun murahu, Mai Sauƙi na ƙarfe da Albarka na laka. Ina yaro na ga maƙera suna buga na ƙarfen a bakin kasuwa, mata kuma suna koya wa juna ginin na lakar. A 1992 aka kafa dokar kasuwannin itace na karkara. Ma'aunin wannan aiki shi ne itace nawa aka yi tsiminsa. Bishiya ake ceto, kuma ta cancanci ceto. Tambayar Smith, wato me ya shiga ƙirjin mai girkin, ba ita ce a gaba ba, murhun da ya rage cin itace kuwa ba lalle ne ya rage hayaƙi ba. Tun da matatar man Damagaram ta fara aiki a Nuwamba 2011 ƙasar take samar da gas nata, tukwanensa ƙanana da manya sun yawaita a birane, amma fiye da gida tara cikin goma har yanzu da itace ko gawayi ko kara suke girki.

Cikin kayan awon da Smith da ɗalibansa suka yi aiki da su akwai biyu da suka fi ba ni sha'awa saboda arharsu. Ɗaya na'urar gargaɗin gobara ce irin wadda ake sayarwa a kanti, suka sauya mata ciki ta koma mai auna ƙurar hayaƙi minti bayan minti. Ɗayan kuma wani ɗan maɓalli ne da bai wuce faɗin kuɗin ƙarfe ba, mai rubuta zafi, wanda ake manna wa murhu a bar shi makonni. Sun koma gare shi ne domin idan ka tambayi uwargida ko tana amfani da sabon murhun da aka ba ta, kunya da kara za su sa ta ce tana yi. Maɓallin ya nuna abin da baki bai faɗa ba: sabon murhu yakan shigo gida ya zauna kusa da tsohon, ba ya korarsa. Wanda ya san gidajenmu ba ya bukatar maɓalli kafin ya yarda. A gidan ma'aikaci a Maraɗi ko Tawa za ka tarar da ƴar tukunyar gas a lungun baranda, ana dafa shayi da ita, ana ɗumama miya, ana soya ƙwai da safe kafin yara su tafi makaranta. Amma tuwon mutum goma sha biyar yana son babbar tukunya, da wuta mai faɗi, da murhun da zai jure tuƙin muciya da hannu biyu bai kife ba. Gas kuma idan ya ƙare a tsakiyar wata kuɗin cikawa a dunƙule ake biyansa, alhali itace ana sayensa na dala ashirin-ashirin. Saboda haka da la'asar sakaliya babbar ɗiyar gidan takan gyara duwatsun nan uku, ta durƙusa, ta kumbura kumatu tana hura wuta, ƙanenta yana goye a bayanta.